Farar Ƙasar Ƙanƙara da Hodar da Matatunmu Ke Saye da Dala

Ta hanya biyu na san sunan Ƙanƙara ya shiga kunnen duniya. Ta farko kowa ya san ta, kuma ba mai son tunawa: daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren kimiyya ta garin suka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji. Ta biyun kuwa, ko mutanen garin ba lallai ne duka su sani ba. Wanda ya saba duba mujallun da masana sinadarai ke wallafa bincikensu zai yi ta cin karo da sunan Ƙanƙara, saboda farar ƙasar da Allah Ya shimfiɗa a yankin. Shekaru da dama ke nan malamai da ɗalibai a Zariya suna ɗebo ta, su wanke, su gasa, su dafa, su fitar da wata hoda da ake kira ziyolayit. Irin wannan hodar ce ke riƙe da ran manyan matatun mai na zamani, kuma wadda ake zubawa a matatun ƙasar nan daga ƙetare ake sayo ta da dala.

Ni malamin kemistiri ne a sakandare, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gaji da ƙuncin muhawarar da muke yi a kan mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, magana ba ta wuce nawa lita, wa zai shigo da shi, yaushe matatar Kaduna za ta tashi. Tambayoyi ne na gaskiya, ni ma da kuɗin alli nake zuba wa babur ɗina mai. Amma a ce gobe matatun Kaduna da Warri da Fatakwal duk sun tashi sun haɗu da ta Ɗangote, akwai wani abu da idan jirgin ruwa ya daina kawo shi, ba da jimawa ba fetur ɗin zai fara ja baya. Rijiyar tamu ce, ginin namu ne, gugan kuwa na aro ne. Kuma mun san kayan aro ba ya rufe katara.

Sunan abin katalis. Wani masani ɗan Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa aikinsa suna a 1835, amma iyayenmu mata sun daɗe suna sarrafa shi a madafa. Mai dama kunun zaƙi takan raba ƙullunta biyu, ta sheƙa wa ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri, in ya ɗan huce ta zuba ɗanyen da aka markaɗa da dankali. Kafin gari ya waye kunun ya tsinke, ya yi zaƙi ba tare da an sa sukari ba. Wani ɗan sinadari ne a cikin dankalin ke bin dogayen sarƙoƙin sitaci yana daddatsa su zuwa sukari, in ya gama da wannan ya kama wancan. A aji nakan ce wa ɗalibaina su ɗauke shi kamar dillali a kara. Yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, a ja saniya a tafi, shi kuwa yana nan yana jiran na gaba. Cinikin da ba zai taɓa yiwuwa ba, ba shi da yadda zai yi da shi. Amma wanda zai ɗauki wata guda ana ja-in-ja, yakan kammala shi kafin la'asar. Sannan, kuma wannan ne ya fi muhimmanci a masana'anta, shi ke karkata akalar cinikin zuwa inda yake so. Mai iri ɗaya, zafi iri ɗaya, ka canza katalis, sai abin da zai fito ya canza.

Ɗanyen mai cakuɗe ne na sarƙoƙin kabon da haidirojin, wasu gajeru wasu dogaye. Gajerun su ne gas na girki da fetur, matsakaitan kananzir da dizal, dogayen kuma baƙin mai da kwalta. Matakin farko a matata dafawa ne da rarrabewa, kowane ya fita ta ƙofarsa gwargwadon nauyinsa. Wannan ko masu matatun daji a Neja Delta suna kwatanta shi da ganguna da itace. Ba a ƙirƙiri komai ba, an dai tsince abin da yake ciki, kuma fetur ɗin da ke ciki tun asali bai kai abin da kasuwa ke nema ba. Ribar tana wajen kama dogayen sarƙoƙin nan marasa daraja a sare su zuwa gajeru.

A sashen da ake kira FCC ake yin haka, kuma ina so mai karatu ya ɗan tsaya ya kalli wurin da idon zuci, don a ganina yana cikin abubuwa mafi ban mamaki da ɗan Adam ya ƙera. Wani bututu ne a tsaye, tsayinsa ya kai bene mai hawa goma. Daga gindinsa ake feso mai mai nauyi, ya yi karo da hodar katalis da ta fito daga tanderu da zafinta. Kowace ƙwayar hodar kaurinta bai wuce silin gashi ba, shi ya sa idan tururi ya ratsa ta take malala kamar ruwa. Cikin daƙiƙa biyu zuwa huɗu, a zafin da ya haura digiri 500, suna tafiya sama tare, dogayen sarƙoƙin sun daddatse sun koma fetur da gas. Kafin su kai ƙololuwa hodar ta yi baƙi ƙirin da gawayin da ya manne mata, ta daina aiki. Sai a ware ta a mayar tanderu, a hura mata iska, gawayin ya ƙone a zafin wajen digiri 700, ta farfaɗo. Zafin ƙonewar nan kuma shi take ɗaukowa ta dafa sabon man da shi. Haka take kewayawa dare da rana, shekara da shekaru, kuma a babbar matata tan gommai ne ke wucewa a kowane minti.

Sai dai dillalin nan yana tsufa. Gogayya tana niƙe shi ya bi iska, tururi mai zafi yana rusa cikinsa, ƙarafan da ke cikin ɗanyen mai irin su nikel da banadiyom suna sa masa guba. Don haka kullum ta Allah sai an kwashe wani kaso an zuba sabo, tan da dama a rana idan matatar babba ce. Matuƙar wuta na ci a sashen, sayen ba ya ƙarewa.

Me ke cikin hodar? Jigonta ziyolayit ne nau'in da ake kira Y, wani lu'ulu'u na silika da alumina mai cike da ramuka kamar saƙar zuma, ramukan da faɗinsu daidai yake da girman ƙwayoyin man da ake son sarewa. Saboda yawan ramukan, da za a iya baje cikin giram goma nasa a ƙasa, zai kusa rufe filin ƙwallo. A bangon ramukan akwai wurare masu tsami, nan ake yankan. Sauran hodar kuwa alumina ce, da abin ɗauri, da farar ƙasa zalla wadda ke ba ƙwayar jiki da nauyi.

Dangantakar mai da yumɓu tsohuwa ce. Eugene Houdry, injiniya Bafaranshe da ya koma Amurka, da yumɓun da aka wanke da asid ya fara wannan sana'a, kuma babban sashensa na farko ya kama aiki a Marcus Hook ta jihar Pennsylvania a 1937. Na hoda mai malala ya biyo baya a Baton Rouge a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen yaƙi ke neman mai mai ƙarfi ido rufe. A farkon shekarun 1960 ne Charles Plank da Edward Rosinski na kamfanin Mobil suka shigar da ziyolayit, fetur ɗin da ake samu daga ganga ɗaya ya ƙaru sosai ba tare da an haƙa sabuwar rijiya ko ɗaya ba. Daga baya kamfanin Engelhard ya gano yadda zai tsirar da ziyolayit a cikin ƙwayoyin farar ƙasar jihar Jojiya kai tsaye, ya gina kasuwanci a kan haka, har BASF na Jamus ya saye shi a 2006. Yau masu riƙe da wannan kasuwa a duniya ba su da yawa: Grace, da BASF, da Ketjen, da Sinopec na Sin, da 'yan kaɗan. Farar ƙasar da muke shafe ɗaki da ita in salla ta matso, ita ce wasu suka mayar abin da ƙasashe ke layin saye.

Kuma maganar ta wuce fetur. Manomin da ya sayi buhun yuriya a Dawanau ko Funtuwa, iskar gas ya saya wadda ta bi ta hannun dillalai a jere. Katalis na nikel ya fasa ta da tururi ya fitar da haidirojin, na tagulla da zinki ya taimaka aka tace, na baƙin ƙarfe ya aurar da haidirojin ɗin da naitirojin na iska aka sami amoniya, wadda daga ita ake yin yuriya. Haka ake yi a masana'antar takin Ɗangote da aka buɗe a Maris 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, haka ake yi a Indorama ta Eleme da Notore ta Onne. Buhun kansa, da bokiti da buta da kujerar roba da ake bugawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai, daga ƙwayoyin robar da katalis ɗin Ziegler da Natta ke saƙawa suke, binciken da ya ba mutanen biyu kyautar Nobel a 1963. A Escravos ta jihar Delta, katalis na kobalt ke mayar da gas dizal. Ko matatar Kaduna da aka ƙaddamar a 1980, mutane da yawa sun manta cewa a 1988 an ƙara mata sashen da ke ɗaukar kananzir ya mayar da shi sinadarin da ake garin sabulun wanki da shi, tan 30,000 a shekara. Da sashen ya yi shiru, masu yin sabulu suka koma sayowa daga waje. Waɗannan katalis ɗin na taki sukan yi shekaru kafin a canza su, ba kamar hodar FCC ba, amma duk ranar da za a canza, waje ake kallo.

To me muka yi a kai? Ba zan yarda a ce ba a yi komai ba, don zalunci ne ga mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ɗakin gwaji. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe a kan wannan farar ƙasa, kuma asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973 don raya fasahar man fetur, ya tallafa wa aikin. A Basawa, nan Zariya, akwai cibiyar NARICT ta binciken fasahar sinadarai. Hanyar a takarda sananniya ce. A wanke ƙasar a raba ta da yashi da tsatsar ƙarfe. A gasa ta a zafin da ya haura digiri 600 har tsarinta ya rushe ta zama mai karɓar canji. Da yake ziyolayit Y ya fi son silika fiye da yadda farar ƙasa ke da ita, sai a rage alumina da asid, ko a ƙaro silika. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ɗaya daga cikin wuraren da ake samun silikar: tokar ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kano da Kebbi. Sai a dafa da soda mai ƙarfi a zafin tafasar ruwa, a jira lu'ulu'un ya tsiro.

Ina da abokin karatu da ya yi irin wannan aiki a digirinsa na biyu, a wata jami'a daban. Na ga wahalar da ya sha. Dafuwar tana bukatar zafi ɗaya na sa'o'i masu yawa ba yankewa, ga wutar lantarki tana zuwa tana tafiya, sai ya riƙa sayen man janareta daga aljihunsa yana kwana a gefen tanda. Sau da yawa abin da ya fito ba shi ake nema ba. Da ya dace, na'urar da za ta tabbatar da tsarin lu'ulu'un ba ta aiki, sai da ya aika samfurin ƙasar waje ya yi watanni yana jira. Ranar da sakamakon ya zo ya kira ni muryarsa na rawa, ya ce, "Malam, ta fito." Hodar tana nan har yau a wata 'yar kwalba a gidansa, ba ta cika cokali uku ba. Shi kuma yana da shagon sayar da kayan waya, yana riƙe da iyalinsa cikin rufin asiri. Duk sanda na je wurinsa na ga hannun da ya iya tsirar da ziyolayit yana manna gilashi a fuskar waya, sai zuciyata ta yi nauyi. Sana'arsa halal ce mai albarka, amma ƙasar ta yi asarar abin da ba ta ma san tana da shi ba.

Tsakanin cokali uku da tan guda akwai kogi, kuma a bakin kogin nan ne bincikenmu ke tsayawa. Tukunyar da ke dafa giram hamsin daidai, idan aka mayar da ita mai cin tan biyu, tsakiyarta da gefenta ba za su yi zafi ɗaya ba, sai wani lu'ulu'un daban ya tsiro. Farar ƙasar wannan rami ba ɗaya take da ta ramin da ke gaba ba. Bayan an sami ziyolayit ɗin, sai an cire masa sodiyom, an ƙarfafa shi yadda zai jure tururi, an kwaɓa da abin ɗauri, an fesa cikin iska mai zafi ya bushe ya zama ƙwayoyi masu girma ɗaya. In sun yi taushi za su niƙe su bi hayaƙi, in sun yi tauri da kaifi za su cinye bututu. Babu manajan matata mai hankali da zai zuba abin da bai sani ba a sashen da tsayawarsa ta kwana ɗaya asarar miliyoyin daloli ce, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ke haye da mutum wannan kogi shi ne ƙaramar masana'antar gwaji mai aiki kullum, da na'urorin auna ƙarfi da juriya, da ma'aikatan da ba sa tafiya in sun kare kundin digiri. Mu kuwa tsarinmu ɗalibi ya zo ya yi shekara biyu ko huɗu, ya rubuta, ya tafi, na bayansa ya faro daga wanke ƙasa.

Aikin katalis aikin naci ne. Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa ana iya haɗa amoniya, amma da katalis na osmiyom, ƙarfen da duk duniya ba shi da yawa. Alwin Mittasch na BASF shi aka ɗora wa neman mai araha. Zuwa 1912 shi da mutanensa sun gwada abubuwa wajen 2,500 a gwaji kusan 6,500, kuma mafitar ta fito ne daga wani dutsen ƙarfe na Suwidin mai ɗan gauraye. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki. Gwaji dubu shida ba aikin ɗalibi ɗaya da janareta ba ne. Sai an sami mai biyan albashi da kuɗin wuta alhali gwaji na dubu uku ya faɗi.

Kada a ce sai Turawa. Lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin Sin da Tarayyar Sobiyet a wajen 1960, Sinawa sun ga rijiyoyin Daqing da suka gano a 1959 ba za su wadatar da su ba in babu katalis, har man jiragensu ya shiga haɗari. Min Enze, wanda ya yi digirin digirgir a Amurka ya koma gida a 1955, shi ya jagoranci ƙera nasu, aka kafa masana'anta a Lanzhou. Ya rayu har ya karɓi lambar kimiyya mafi girma ta ƙasarsa ta shekarar 2007. Yau Sin tana sayar wa wasu katalis, kuma kamfaninta CNPC ne ya gina matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana. Barazil ta bi wata hanyar da nake ganin ta fi dacewa da mu. A 1985 Petrobras ya haɗa hannu da Akzo na Holan suka kafa masana'antar hodar FCC a Rio de Janeiro. Baƙon ya zo da sani, mai gida ya zo da kasuwa da masu bincike, sannu a hankali 'yan ƙasa suka iya tsara hodar da ta dace da irin ɗanyen mansu. Indiya ma ta yi nata, kamfanin Indian Oil ya fito da fasahar INDMAX ya fara gwada ta a ƙaramar matatarsa ta Guwahati a 2003 kafin ya kai ta manya. A duk ukun, mai matatar ne ya buɗe ƙofarsa aka gwada.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu maganganun suna da nauyi. Za a ce kasuwarmu ba ta kai a gina masana'antar katalis dominta ba. Shekara goma da suka wuce da na sunkuyar da kai, amma yanzu akwai matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana a Lekki, ga na gwamnati in Allah Ya tashe su, ga maƙwabta. Za a ce hodar tana bukatar wani ƙarfe mai suna lantanom, wanda yawancinsa daga Sin yake fitowa. Gaskiya ne, kuma da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2010 da 2011, manyan kamfanonin ma sai da suka koma neman yadda za su rage shi. Sannan yashin monazayit da ke cikin turɓayar tsofaffin ramukan kuza na Filato yana ɗauke da shi, ko da yake tace shi wani babban aiki ne na daban.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce duniya na barin mai, me ya sa za mu shiga kasuwa ana watsewa? Motoci za su iya komawa lantarki, amma ba a shuka masara da lantarki, ba a ɗinka buhu da shi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta faɗa tun 2018 cewa sinadaran masana'antu ne za su fi komai jan ƙaruwar bukatar mai a shekaru masu zuwa. Shi ya sa sababbin matatu ke ƙara wa hodarsu wani ziyolayit ɗin, ZSM-5, don ya rage fetur ya ƙara furofilin na yin roba. Ban da haka, wanda ya iya ziyolayit bai dogara da mai kaɗai ba. Shi ke busar da gas kafin a daskarar da shi a irin masana'antar Bonny. Yana cikin garin sabulu yana tausasa ruwa. Na'urar da ke tace oksijin a gefen gadon mara lafiya, ziyolayit ne a cikinta ke riƙe naitirojin ya saki abin da huhu ke nema.

A nan nake ganin ya kamata a faro. Ziyolayit nau'in A, na sabulu da busar da gas, shi ya fi sauƙin fitowa daga farar ƙasa, domin silika da aluminar da yake bukata daidai suke da yadda Allah Ya halicce ta. Masana'anta matsakaiciya a Katsina ko Bauci, inda Alkaleri ma ke da tata ƙasar, mai wanke farar ƙasa zuwa matakin da masana'antu ke karɓa tana kuma yin nau'in A, za ta iya sayar da kayanta tun shekarun farko, kuma a cikinta ne za a horar da hannuwan da gobe za su yi nau'in Y. Kusa da ita a sami ɗakin gwaji guda ɗaya tak, amma cikakke, mai wutar da ba ta ɗaukewa, wanda matatunmu za su riƙa aika masa tsohuwar hodarsu yana auna musu. Yanzu mai sayar maka da hodar shi ne yawanci ke auna maka ita ya gaya maka abin da za ka ƙara saye. Wanda ya shekara biyar yana auna hodar wasu, ya san cikinta fiye da wanda ya karanta littafi ɗari.

Dokar da za a tsaya a kanta ma akwai. Tun 2010 aka yi dokar fifita kayan gida a harkar mai da gas, da hukumar NCDMB mai kula da ita, kuma ta yi tasiri a wajen walda da ƙera bututu da jiragen ruwa. Abin da nake nema shi ne a kai ta inda sanin yake. Duk kamfanin da zai yi shekaru yana sayar wa matatun ƙasar nan katalis, a sa masa sharaɗin ya kafa wani ɓangare na aikin a nan tare da jami'a, yadda Barazil ta yi. Matatun kuma, musamman na gwamnati da aka gina da kuɗin jama'a, a wajabta musu buɗe ƙofar gwaji: in hodar gida ta ci jarrabawar ɗakin gwaji, a fara da kaso ɗaya ko biyu cikin ɗari na abin da ake zubawa kullum, a auna, a ƙara ko a janye. A watan Fabrairun 2023 an sa hannu da Daewoo kan kwangilar gyaran matatar Kaduna ta sama da dala miliyan 700. Kaso ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗi zai yi nisa ƙwarai wajen kafa irin ɗakin gwajin da nake magana, kuma daga matatar zuwa Zariya tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce.

Kirana na musamman ga gwamnoninmu da 'yan majalisarmu na Arewa ne. Bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano ta Abuja da Kaduna, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, kuma kusan duk maganar da nake ji a kansa ta wutar lantarki ce. Muna bukatar wutar, babu ja. Amma ƙona gas shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a yi da shi, kuma mun daɗe muna ƙonawa: tun 1984 doka ta ce a daina babbaka shi a rijiyoyin Neja Delta, har yau harsunan wutar na ci. Gas ɗin da zai iso Kano zai iya zama yuriya a tsakiyar manoman da ke amfani da ita, maimakon tirela ta ɗauko ta daga bakin teku. Zai iya zama metanol, wanda daga shi ake samun gam na katako da sinadaran fenti. Kowanne daga cikinsu katalis ne ƙofarsa, kuma kowanne yana bukatar mutanen da suka san yadda ake loda shi, da tayar da shi, da gane ranar da ya fara gajiya. Idan ba mu fara horar da su yanzu ba, ranar da gas ya iso za mu ɗauko masu yi daga Indiya da Sin, 'ya'yanmu su tsaya a bakin ƙofa da takardun neman aikin gadi.

Akwai kuma sharaɗin da ya riga duk waɗannan. Ba a haƙar farar ƙasa a dajin da manomi ke tsoron shiga gonarsa, kuma ba mai zuba jari a inda direban tifa ke fita da fargaba. Yaran da aka kora daga ɗakunan kwanansu a daren nan na Disamba ɗaliban kimiyya ne, da yawansu yanzu sun kai shekarun jami'a. Ina fata a cikinsu akwai masu karanta injiniyan sinadarai. In akwai, ina so su gama su tarar da masana'antar gwaji tana aiki, da albashi, da manajan matatar da ke jiran sakamakonsu, a kan ƙasar da aka haƙo daga bayan garinsu.